Huɗu da Biyu

Jarida ta taƙaita shi a lamba biyu:
huɗu a Ripon, biyu a Thirsk.
Iyakar tarihin dukushi ke nan
a wurin waɗanda ba su taɓa kwashe kashinsa ba.

Ni kuwa Jatau, mai buɗe masa barga
tun ƙarfe biyar, Middleham tana barci,
yayyafi yana lasar duwatsun titi,
na san abin da lamba ba ta iya ɗauka.

Huɗun nan ta Ripon ba gazawa ba ce.
Ƙofa ta buɗe, shi kuwa ya shagala da kallon
wata jar lema a hannun wata tsohuwa,
sai da tsararsa suka ba shi ratar doki shida
sannan ya tuna abin da ya kawo shi.
Ta Thirsk kuwa da tsinin hanci aka tsere masa,
shi ma don ya ɗaga kai
yana neman wanda ya kira shi a cikin taro.

Sunansa na takarda dogo ne, ba ya zama a bakina.
Hurde nake ce masa, yana kuma juyo kunne.
Ƙirjin uwarsa ya ɗauko, goɗiyar da ba ta tsoron taɓo,
zuciyar kuwa ta uban ce, a kusa take.
Fergal mai hawansa ya sauko rannan yana haki,
ya ce gugansa bai taɓa ƙasan rijiyar nan ba tukuna.

Da dare a gidan shayin bakin kasuwa
har sun riga sun kai shi York ranar Asabar,
sun ɗora masa kofi, sun tsallaka da shi baɗi,
sun sayar da 'ya'yan da bai haifa ba.
Doki mai baki ya fi gudu.

Sai Laraba.
Na durƙusa kamar kullum, na bi ƙafafun da tafin hannu,
dama sanyi, baya sanyi,
hagu ta gaba, ƙasa da gwiwa kaɗan,
wani ɗumi kamar gindin kofin da aka gama shan shayi.
Bai ɗingisa ba. Ko kunne bai kaɗa ba.
Da na yi shiru, babu mai sani sai ni da shi,
ga kuma rabona a cikin kuɗin Asabar,
na ma riga na kashe shi a zuci
kan kwanon rufin ɗakin gyatumata.

Na daɗe a durƙushe.
Yana hura mini numfashi a ƙeya.

Uwargida Ackroyd ba ta ce uffan ba.
Ta cire safar hannu, ta dafa inda na nuna,
ta dubi tudun kilisa, hazo ya cinye rabinsa,
sannan ta zaro alƙalami ta ja layi ɗaya.
Mai dokin ya bugo waya daga Leeds,
har bakin rumbun ciyawa ina jin faɗansa.

Yau Asabar. Motar dawaki ta fita da uku.
Ya bi ƙararta da haniniya har ta sha kwana,
ya maka wa ƙofa kofato sau biyu.
Ni ga ni riƙe da tiyo, ruwan sanyi yana bin ƙafar,
minti ashirin, safe da yamma,
yatsuna sun daina jin kansu.

In ka tambaye ni me zai zama, ban sani ba.
Na ga waɗanda suka fi shi sun ƙare a jan yara a gona.
Abin da na sani,
ƙashinsa bai gama ƙwari ba, kafaɗar tana ƙara faɗi,
ciyawa kuma za ta sake tsirowa a kan tudu.

Tsaya mana, Hurde.
Saura minti tara.