Shataletalen Sama

Shekara sha tara ina ba da hannu
a shataletalen Ƙofar Ƙaura.
Na san ƙarar ƙarfe in ya gamu da ƙarfe,
na san shirun da ke bin bayanta.

Jiya Lantana ta dawo daga makaranta,
ta ƙi taɓa tuwo.
"Baba, ashe duniya ba a tsaye take ba,
gudu take, ita da wasu bakwai,
suna kewaya rana.
To, wa ke ba su hannu?
In ɗaya ta kauce fa?"

Na ce, "Ci tuwonki."

Amma bayan magariba na fita tsakar gida.
An ɗauke wuta, sama ta cika maƙil.
Ga Zara can yamma ta matse wata
kamar ɗan acaɓa a gefen tirela.
Hannuna ya ɗaga da kansa.
Na jira ƙara.
Ba burki, ba zagi, ba gilas a ƙasa.
Haka kakata ta nuna min su
bisa wannan tsamiyar,
ta rasu ba su gogi juna ba.

Da safe na ce, "Kowacce da layinta,
tazarar tsakaninsu kuwa
ko jikan jikan direba ba zai cinye ta ba."

"Har abada?"

Na ɗaure igiyar takalmina.
"Abada ba a hannuna take ba, 'yar nan.
Ni da mota goma a taku ashirin
ke gagarata kafin azahar."