Faifan Shiru

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
inda inuwar darbejiya ke gudu tun kafin azahar,
nan rumfata take.
Usta suke ce mini. Sunan yanka Mudi,
amma rabon da in ji shi tun ina saye da gajeren wando.

Ran Talata Hashimu ya kawo motar ubansa,
fara ce a da, yanzu ruwan ƙasa.
Ya ce, "Usta, ta haɗiye faifai shida
tun Baba na da rai, ta ƙi amayarwa.
In na danna sai ta yi ƙurr, ta yi ƙas, ta yi tsit.
Ni ba su ne damuwata ba,
igiya nake so, in jona wayata."

Na ce ya zauna.
Na aiki yaro wurin Hajja Tasalla
ya karɓo jabana biyu, a cika citta.

Akwatin na ƙarƙashin kujera.
Kusoshi huɗu, ɗaya ta ci tsatsa,
sai da na lallashe ta da baƙin mai.
Na fede shi a kan tsohon buhu.
Robar da ke jan injin ta narke, ta koma ƙaro,
ga kuma ƙwayar riɗi guda, guda tak,
ta sami gurbi tsakanin haƙora biyu
ta kwanta abinta kamar gidan ubanta.
Shekara uku mota ba ta magana saboda ita.
Na ciro ta da hantsaki, na ɗora masa a tafi.
Ya yi dariya, ya jefa baki.

Na cire roba daga wata matacciyar rediyo,
na share idon gilashin da auduga,
a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli.
Na ba shi wuta.
Ga su nan suna fitowa ɗaya-ɗaya:
biyu karatu, ɗaya wa'azi,
biyu kiɗan garaya da wani ya kwafo daga gida.
Na shida ba rubutu.

Muka mayar da shi don gwaji.
Sai tari. Sai muryar tsohuwa
tana lissafin garuruwa kamar mai jan carbi:
"Daga Gumel muka tashi da jaki biyu.
Abeshe muka yi damina.
A Jinaina ɗaya jakin ya mutu.
A Ubayyid aka haifi wannan mai riƙe mini na'urar,
kai, matso da ita, ba na jin kaina."
Wani namiji ya yi dariya can baya.

Jabanar Hashimu ta huce a hannunsa.
Ni dai na sunkuya neman dalma.

Waya uku ce duka aikin:
fara ta hagu, ja ta dama,
ta ukun ta kama jikin ƙarfe.
Na ɗiga musu dalma, hayaƙi ya shiga ido,
kowa ya sami abin fakewa.
Na huda ƙaramar kafa kusa da giya,
na zaro kan igiyar.

Na ce, "Akwai sharaɗi.
Wannan rediyo ba ya buɗe baki
sai ya ji faifai na juyawa.
Ga ɗaya na dafa maka, ba komai cikinsa,
shiru ne zalla na minti saba'in.
Shi zai ta zagaye a ƙarƙashinka
wayarka na waƙa bisa bayansa."

Muka cire wa'azi, muka ba shiru gurbinsa.
Ya jona waya. Ganga ta daki ƙofofi
har awakin Hajja suka watse.
Ya biya, bai nemi ragi ba.

Ya ja mota har bakin injin niƙa,
nan na ga ja ta kama a baya.
Gangar ta ɗauke.
Ta madubi na hango shi yana naɗe igiyar a yatsa,
mota a kunne, gilashi a rufe,
mai na ƙonewa a banza,
masu amalanke na zagaye shi suna tsaki.