Mai Gashin Masara

Shekara goma sha tara a bakin tashar Kawo
ina fifita garwashi, ina juya masara.
Na san wuta kamar tafin hannuna:
ka matso da ita ta babbake,
ka nisanta ta ƙi nuna.

Yau ga ni, ni ake gasawa.

Litinin zuwa Juma'a, motar asuba zuwa Shika.
Sun zana min alama da shuɗin tawada
a inda nonon hagu ya taɓa zama,
suka ce kar in kuskura in goge.
In kwanta, in ɗaga hannu sama da kai,
kowa ya fice, a ja ƙofa mai nauyi,
na'ura ta kewaya ni tana gurnani.
Ba hayaƙi. Ba ƙauri. Ba ko ɗumi.
Na ce, Sista Rifkatu, wace irin wuta ce wannan
da ba za ta tafasa ko ruwan shayi ba?
Ta ce, Tabawa, bari dai.

A mako na uku Yunana mai awon jini
ya ɗaga takarda, ya daɗe yana kallo.
Ya ce a jinin mutum akwai waɗansu farare,
ƙanana, ido ba ya kama su,
'yan sintirin jiki ne, ba su san barci ba.
Ya ce hasken da aka aika neman ɓarawo
bai san fuskar maigadi ba.
Duk wanda jini ya biyo da shi ta ƙirjina
a daidai wannan lokacin, ya sha rabonsa.
Har ɓargon haƙarƙari, inda ake haifar su,
ya ji a jikinsa.

Da dubu shida kika zo, in ji shi,
yanzu dubu biyu da 'yan kai.
Ni da ban taɓa yarda a ƙirga min canji ba
na zauna wani yana ƙirga min jini.

Amma na gane.
Ko a kan ragata, in kana son gefe guda ya gasu
sai ƙwayoyin maƙwabta sun yi baƙi.
Ban taɓa ba su haƙuri ba.

Ban da gidan suna, ban da Kasuwar Barci,
ban da latas ɗin bakin rafi.
Takunkumi a hanci ko cikin mota.
In jiki ya yi zafi, ko tsakar dare ne, a taho.
Duk wannan da sauƙi.

Mudi ne.
Jikana, shekara biyar, mura ta kama shi,
aka ce kwana bakwai kar ya shigo ɗakina.
Yaron da ba ya barci sai ya riƙe haɓar zanena.
Sai ya tsaya bayan labule,
ba na ganin komai sai yatsun ƙafarsa da ƙura,
ya danne tari, ya danne, ya ƙwace masa.
Kaka, sojojinki sun dawo?
Na ce suna hanya, sun tsaya shan mai.
Ya ce su nawa ne?
Na faɗa masa. Ya yi shiru.
Ya ce ai suna da yawa.

Yunana ya ce sukan dawo, a hankali,
wata ɗaya, wata uku, kowa da jikinsa.
Na yarda. Na sha rufe garwashi da toka da magariba
in tone da safe in tarar da ja a ƙasa.

Ran Alhamis takarda ta ce dubu biyu da ɗari tara.
Na sauka a Kawo da la'asar.
Wata yarinya ce a gurbina, da maficina,
tana fifita da gaggawa irin ta sabon hannu.
Ba ta san ni ba. Na miƙa kuɗi, ta zaɓo min guda
da zafinta, gefe ɗaya ya ƙone ƙurmus.
Ta ce, Mama, bari in canza miki.
Na ce bar ta.
Na sauke takunkumi,
na fara ci daga wajen baƙin.