Hanta da Jini

A ƙauyenmu, gabas da Torreón,
rijiya ba ta da guga, inji ke janyo ruwa
daga zurfin da kakana bai taɓa mafarkinsa ba.
Gonakin auduga sun shanye na sama,
shanun madara sun shanye na tsakiya,
mu aka bar wa na gindin dutse.

Garau yake, ba wari, ba ɗaci.
An ce ruwa ba ya tsami banza,
namu ko tsamin bai yi ba,
shi ya sa muka amince masa.

Yau a asibiti, cikina wata bakwai,
Eulalia ta shafa mini mai sanyi a haƙarƙari,
ta juyo allon ina kallo.
Na zo ganin ɗan yatsun ɗana,
sai ta nuna mini hantata,
fari fat kamar an barbaɗa mata gishiri.

Kitse ne, Herlinda, in ji ta,
ga kuma arsenik a fitsarinki.
Hanta ce ke ƙulle gubar ta kora ta waje,
kuma zaren da take ƙullin da shi,
da shi jaririn ke ɗinka jikinsa.
Taki ta riga ta ɗau kaya,
kitse ya cika mata ɗaki, sukari na tsaye a ƙofa.

Na tuna innata tana tafasa ruwa dominmu,
tururi ya tafi, dafin ya zauna daram a tukunya.
Na tuna tafin hannunta, tsaba-tsaba kamar masara,
muna cewa aikin gona ne.
Da aka fara raɗe-raɗin famfo
na koma lemon kwalba, shekara tara,
shagon Anselmo ya fi motar ruwa kusa.
Na guje wa rami, ashe rijiya na faɗa.
Masu cewa na cika ci, wa ya tambaye ni ƙishirwa?

Da yamma Fidencio ya shigo da jarka biyu a keke,
kuɗin takalminsa ke nan.
Na dafa wake da ganye a ruwan saye,
na zaga filin ƙwallo sau uku, ƙafa a kumbure.

Yanzu dare ya raba, yaron na shuri.
Na ɗora hannu a dama, sama da shi kaɗan,
inda baiwar Allah ke aiki ba fitila.
Ban taɓa gaishe ki ba.
Sannu.
Saura wata biyu, ki riƙe mana.