Gurbi Mafi Ƙasa

Wietske ta kwana gaban na'ura a Firislan,
gahawa ta huce, iska na dukan taga.
Taswirar gundumarsu ce a allo,
an yanka ta gida-gida kamar ramukan dara,
kowane gida da lambarsa:
tsayin ƙasa in an auna ta da teku.

Gida miliyan huɗu. Ɗaya take nema,
wanda ruwa zai fara yi wa sallama
ran da madatsa ta gaji.

Amsar farko ta zo da gudu:
tara huɗu a jere, da alamar ragi a gaba.
Ta yi tsaki. Wannan ba kwari ba ne,
gurbi ne da jirgin awo bai hango ba,
aka toshe shi da lambar bogi.
Ta share, ta sake tambaya.

Lamba ta fito, amma ba ta faɗi gidansu ba.
Ta bi layin kwance, ta bi na tsaye,
suka haɗu bayan wata makiyayar shanu.

Da safe ta hau keke, ta bi gefen magudana.
Tsoho Sjoerd na gyaran shinge.
Ta miƙa takarda, ko tabarau bai ɗauko ba.
"Can ne," ya nuna da haɓa,
"inda agwagi ke taro.
Nan laka ta cinye mini takalmi ina ɗan shekara tara."

Ta je ta tsaya. Ciyawa ta lotsa,
sanyi ya ratso safarta.