Maƙogwaron Tsattsewa

Tsattsewa ta fara tari.
Doki ɗari biyu ne a gindinta,
amma in na ja mata wuta bayan gadar Kata,
inda ruwa ke buɗe ƙirji,
sai ta yi jim,
kamar mai shirin rantsuwa da ya tuna ba shi da gaskiya,
sannan ta zabura.
Wannan jim ɗin shi ya ci mu bara.

Mai jirgi ya ce, je Ladipo, ɗauko mafi girma.
Na je. Dubem ya ɗora min wata kafireta a kan kwali,
baki huɗu, tana ƙyalli kamar haƙorin Makka,
wai daga motar tsere aka kwanto ta.
Na juya ta, na sansana.
Warin kwalta take.
Ba ta taɓa ɗanɗana gishiri ba.

A Ebute Meta, bayan layin dogo,
Baba Raufu na zaune cikin garin tagulla.
Bai yi zancen kuɗi ba.
Da Hausarsa ta Agege ya ce, kawo fulogi.
Ya ɗaga shi sama, baƙi wuluk kamar gindin tukunya.
Injinka ba yunwa yake ji ba, yaro,
ƙwarewa yake.

Sai tambaya kamar ta alƙali:
Mutum nawa ke hawa? Kai nawa ne nauyinka?
Farfelar fa, kunne uku ko huɗu?
Da asuba kuke gudu, ko rana tsaka?
Iskar Ikko rabinta ruwa ce, in ji shi,
wanda ya tuttula mata fetur, kunu ya dama.

Ya jera min gangar jiki uku, ba a huda ko ɗaya ba.
Mai faɗin wuya: a miƙaƙƙen ruwa za ta yi guɗa,
a kwana kuma hamma.
Mai ƙunci: ita ce farkon tashi,
kafin rabin hanya ta soma haki.
Ta tsakiya bai ce komai a kanta ba.
Ya ci gaba da goge tabarau.

Ni kuwa sai ga ni a Yawuri,
ubana yana awon damtsen mutum da igiya
kafin ya sara icen filafili.
Ya sha korar masu kuɗi a kan haka.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na ɗora yatsa a kan ta tsakiya.

Kwana tara. Uku a ciki babu wuta.
Ya huda tagulla da tsinke mai kaurin gashin jela,
ya hura, ya saurara, ya ƙara kaɗan,
kaɗan ɗin da ido ba ya gani.
Ya tanƙwara bututun ambaliya zuwa cikin maƙogwaro,
don fetur in ya zube a titi, ƙasa ce ke sha,
in ya zube a jirgi, zama yake yana jiran tartsatsi.

Mai jirgi ya ce, wannan 'yar mitsitsiyar
ita ta cinye min kuɗin rago uku?
Ban tanka ba. Na ɗaure noti.

Asubar Asabar, masunta na tattara koma,
hayaƙin kifi kwance a kan Makoko,
na ja mata wuta.
Ba jim.
Hanci ya tashi, ginshiƙan doguwar gada
suka riƙa wucewa kamar 'ya'yan carbi,
gishiri na marina, ina dariya ni kaɗai.

Can wajen Oworo na kashe ta, na bar ta tana lilo.
Na kwance fulogi, yana ƙona min yatsu.
Launin gyaɗa soyayya.

Na naɗe shi a tsumma, zan kai wa tsoho.
Tsere kuwa sai gobe,
kuma ruwa ba ya alkawari.