Saƙon da Ba Shi da Take

A Valparaíso, hawa na uku, ofishin tashar jiragen ruwa,
inda taga ke kallon kwantenoni jere kamar sabulu a kanti,
Ximena Oyarzún ta gaji da buɗe saƙo.
Ɗari huɗu kullum, kafin shayinta ya huce.

Sai ta saƙa wa kwamfutarta rariya.
Ta ce: wanda takensa ya ambaci kwastan, ya bi dama.
Mai maganar jinkirin jirgi, hagu.
Mai GAGGAWA da manyan baƙaƙe
a tura shi can ƙasa,
don ta lura mai ihu tun daga take
galibi cikinsa iska ce.
Wanda ya zo ba take kuwa, kai babu hula,
kwandon shara.

Ɗari huɗu suka koma goma sha biyu.
Tagulla ta tafi a kan lokaci, inabi bai ruɓe ba.
Har ta samu sararin zama a matakala da rana
tana gutsura wa tsuntsayen teku gefen burodi.

Wata uku haka.
Ran wata Talata wani dillalin kifi ya rantse ya aiko takarda,
ta shiga kwandon tana tono, tana tsaki,
sai ga Baltasar.

Ƙanenta, can kudu a Chiloé,
mai gyaran injin kwalekwale,
yatsunsa sun fi maɓallan waya kauri,
bai ma san akwai gurbin take ba.

Saƙo bakwai.
Na farko: Mama ta shuka dankali, tana cigiyarki.
Na uku: tari ne kawai, in ji likita.
Na biyar: an kwantar da ita a Castro.
Na shida: ki kira.

Na bakwai ta daɗe tana kallonsa.
Wani jirgi ya yi kuka a bakin gaɓa, ya sake.
Ta danna.

An sallame ta. Ta ce kada a dame ki,
ta san aiki ya yi miki yawa.

Rariya ba ta da laifi,
hudar da aka yi mata ita take bi.

Da yamma Ximena ta sayi tikitin motar dare,
ta juya doka ɗaya kafin ta kashe fitila.
Yanzu duk marar take shi ne a sama:
masu tallar inshora, masu cacar ƙarya, masu kuskuren adireshi.
Tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya,
shayin yana hucewa.